Sojan Gona a Shahuci

Adakar kakana ta shekara ashirin da bakwai a ƙarƙashin gadon Hajiya, ba wanda ya isa ya taɓa ta, sai damunar bara da ruwa ya yi mana sallama ta ƙofa ya kuma shigo ta kwata. Duk wanda ya san lungunan Shahuci ya san idan watan Agusta ya tsaya kwata ba ta da ubangida. Muna ta kwashe kaya muna jibgewa a kan dakali, sai Hajiya ta nuna adakar da sandarta ta ce, "Angona, tunda cefane ya gagare ka, ko wannan ɗauke min." Hajiya ita ce amaryar kakana, ta huɗu kuma ta ƙarshe. Ba ita ta haifi mahaifina ba, amma tun ina yawo ba wando take kirana miji marar amfani, ni kuma ina yi mata barazanar kishiya.

Makullin ya ɓata tun zamanin mulkin soja, don haka da taɓarya muka ɓalle kwaɗon. Warin kafur da tsufa ya buso. A sama akwai jar dara wadda asu ya yi wa tagogi, tuntunta ya tsinke saura zare uku. Ƙarƙashinta takardar sallama daga soja, ta yi laushi kamar ganyen kuka. Sai lambar yaƙin Bama, tauraro mai tsini shida na tagulla. Sai wani ɗan ƙyalle ruwan ɗorawa mai hoton baƙin gizo-gizo. Sai bajon hula na gaci mai siffar bishiyar kwakwa, an rubuta haruffa biyar a gindinta: R.W.A.F.F. Daga can ƙasa kuma, a naɗe cikin tsumma, wani bajon na farin ƙarfe, faffaɗa, mai zaki a tsaye da ƙafafun baya a kan gicciye, an kewaye shi da furen ƙaya.

Maiɗakina na ganin gizo-gizon ta ja da baya tana a'uziyya. Ta ce wannan asiri ne, a kai shi bayan ganuwa a ƙone. To ni malamin tarihi ne, shekara ashirin da biyu ina shaƙar alli, kuma ban taɓa samun aji mai natsuwa irin na ranar ba, tunda ruwa ya hana kowa fita. Na gyara tsayuwa a kan dakali na fara. Na ce gizo-gizon nan tambarin runduna ta 81 ce ta Afirka ta Yamma, wadda aka haɗa a 1943 aka kai ta yaƙar Japan a ƙasar Bama, kuma Gizon tatsuniyar mutanen Asante ne, ɗan'uwan namu Gizon mijin Ƙoƙi. Na ce ƙanwarta runduna ta 82 tambarinta ya ma fi kusa da mu: mashi biyu a gicciye a kan gammo, domin a dazukan Arakan inda mota ba ta shiga, a ka mutanenmu suka ɗauki yaƙin, harsashi da abinci da komai. Kakana yana bataliya ta 4 ta sojan Nijeriya, waɗanda suka yi fama a kwarin kogin Kaladan a 1944. Sunayen da yaƙin nan ya bar mana har yau suna nan a bakinmu ba mu san daga ina suka zo ba: barikin Dalet a Kaduna, barikin Cindit a Zariya, barikin Arakan a Legas.

Kwakwar kuwa, na ce, bajon rundunar da Lugga ya kafa ne a 1897, ita ce dai ta fasa mana ganuwa a Fabrairun 1903 Sarki Alu yana can wajen Sakkwato. Wato kakana ya je ya sa kakin waɗanda suka ci garin ubansa, shekara arba'in bai cika ba, amma wannan magana ce ta wata rana. Harafin R na farko sai a 1928 aka ƙara shi, rundunar kuma ta watse a 1960. Hajiya ta saurare ni har na dire, sannan ta ce ba kwakwa ba ce, giginya ce, kuma in sauko mata daga kan dakali in kwashe ruwa.

Farin bajon ne ban iya yi wa bayani ba, kuma shi ya ja mini. Ɗan wana, wanda ke karatu a jami'a, ya ɗauki hotonsa da waya, ya yi 'yan latse-latse, ya ce, "Baffa, wannan fa na 'yan Sikotilan ne." Na wata runduna ce mai suna London Scottish. Ya kuma ce akwai mutane a Turai da ba su da aiki sai tara irin waɗannan ƙarafa, suna saye da fam. Ya buga lissafin fam zuwa naira ya nuna mini. Na ce ya sake bugawa. Ya sake, amsar ba ta canza ba. A daren nan ina kwance a kan tabarma mai danshi, idona biyu, ina ta gina bene a filin da ban saya ba.

Cikin sati biyu na zama shehi a kan abin da ba wanda ya tambaye ni. Na gano cewa waɗannan ba sojan bariki ba ne na dindindin, sojan ko-ta-kwana ne: akawu da malamin makaranta da ɗan kasuwa, kowa yana sana'arsa, sai ƙarshen mako su sa kaki su yi fareti, in yaƙi ya ɓarke a kira su. London Scottish mazauna Landan ne 'yan asalin Sikotilan suka kafa ta a 1859, kamar dai a ce ƙungiyar Kanawa mazauna Legas ta sayi bindigogi. Akwai ta Liverpool da aka kafa a 1900, bajonta da farin doki a kan gicciyen, wadda likitanta Noel Chavasse ya ci babbar lambar jarumta ta Ingila har sau biyu. Akwai Glasgow Highlanders. A 1908 wani ministan yaƙi mai suna Haldane, shi ma ɗan Sikotilan, ya tattara ire-irensu ya mai da su tsari guda. Magadansu a can gida su ne bataliya ta 6 da ta 7 na babbar rundunar Sikotilan da aka haɗe a 2006. Na ga hotunansu, ƙarti majiya ƙarfi da zane iya gwiwa, suna busa wata algaita mai salka a hammata. Furen ƙayar nan kuma shi ne alamar ƙasarsu. Mutanen da suka duba duk furannin duniya suka zaɓi ɗan'uwan ƙarangiya, ai sun gaya maka halinsu tun ba ka tambaya ba.

Yadda bajon ya shigo adakarmu bai ba ni wahala ba. Hafsoshi da sajojin Turawa da ke jagorantar sojanmu daga rundunonin Ingila daban-daban ake aro su, har da na Sikotilan. Na zauna na tsara labarin da kaina: kakana ya goyi wani saje mai rauni ya haye da shi kogin Kaladan, harsashi na zuba kamar ƙanƙara, saje ya ciro bajon hularsa ya ba shi yana hawaye. Na faɗa a majalisarmu sau uku, a na huɗu har ni na yarda.

Ɗan wana ya koya mini ƙa'idoji biyu na masu wannan harka. Ta farko, bayan bajo ake dubawa, ba fuskarsa ba, wato 'yan kunnuwan nan biyu da ake zura ƙarfe a ciki a maƙala a hula. Ta biyu, baƙin da shekaru suka shafa wa ƙarfe shi ne rabin kuɗinsa, ba a wankewa. Na riƙe ƙa'idojin nan gam, na faɗa wa abokan aiki, na faɗa wa mai shayi, na faɗa wa liman. Mutum ɗaya na manta ban faɗa wa ba, kuma da ita muke kwana ɗaki ɗaya.

Da na juya kwakwar kakana sai na ga kunne ɗaya ya karye. Na kai wa wani maƙerin fari a lungun da ke ɓullewa Kurmi, dattijo mai gilashi ɗaure da zare, wanda ke ƙera zobe da warwaro da adon linzami. Ya jujjuya ta a tafin hannu, ya shafa wani reshe na hagu da ya ɗan lanƙwashe, ya ce in dawo bayan kwana huɗu. Daga nan ban zame ko'ina ba sai cikin kasuwa.

Hujjata ta neman kayan Sikotilan a Kurmi mai ƙarfi ce, a ganina. Kasuwar nan tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take ci. A 1824 wani ɗan Sikotilan ɗin, Clapperton, ya shigo ta da ƙafarsa har ya sayi lema 'yar Ingila a cikinta. Ya kuma yaba da tsarinta, ya ce idan mutum ya sayi riga ko turkudi ya kai har Barno ya tarar da algus, mayarwa ake yi, domin sunan dillali yana rubuce a cikin ƙunshin. Na ce kasuwar da ta sayar wa ɗan Sikotilan lema shekara ɗari biyu da suka wuce, ba za a rasa maɓallin rigar jikokinsa a cikinta ba.

Na bi layin masu kayan da, inda ake zube takubba da tsofaffin likkafu da anini mai huji da tsakiya da tandu. Rumfa biyar suka ce ba su gane ba. A ta shida wani dillali mai haƙorin Makka ya miƙe ya kakkaɓe mini benci.

"Sikotilan? Haba Malam, ai gida ka zo. Wanne kake so a ciki?"

Na lissafa masa. Yana ta gyaɗa kai kamar ina kiran sunayen 'ya'yansa. Ya aika aka kawo mini kunun aya. Ya tambaye ni, a hankali, ko ni ma ina da wani abu na soja a gida. Ni kuwa bakina ya buɗe. Na ba shi labarin adaka, da kogin Kaladan, da hawayen saje, har da sunan lungun da maƙerin yake da ranar da zan karɓo.

Cinikinmu na farko na Liverpool ne, naira dubu takwas. Ɗan ƙarfe ne mai wani tsuntsu da ganye a baki. Na ce ai doki na karanta. Ya ce dokin na ƙananan soja ne, tsuntsu na hafsoshi. Ina shiga gida ɗana na aji huɗu ya hango shi ya ce, "Baba, ashe kai ma ɗan Liverpool ne? Jiya an ci ku biyu." Mariƙin makulli ne na ƙungiyar ƙwallo aka cire masa zobe. Washegari na koma a fusace. Dillali ya dafe ƙirji ya yi salati, ya ce yaronsa ne ya haɗa kaya, ya karɓa ba musu. Na ce lallai Clapperton bai yi ƙarya ba, amana tana nan a Kurmi. Kuɗin dai bai mayar mini ba, ya ce su zauna a matsayin kafin alƙalami, domin akwai wani babban kaya yana tafe.

Kafin babban kayan ya iso sai kwakwa ta fara zuwa. Ranar farko guda ɗaya, baƙa ƙirin, tana warin taɓo. Ya ce daga gidan wani tsohon samanja aka fito da ita a Fagge. Na kai gida na jera da ta kakana, wadda na karɓo daga maƙera da sabon kunne. Kamar an tsaga kara. Har reshen nan na hagu da ya lanƙwashe, ita ma nata a lanƙwashe. Na koma na tambaye shi dalili. Ya dubi hagu ya dubi dama, ya rage murya, ya ce ai wannan ita ce shaidar. Ma'ajin soja ne ke lanƙwasa reshen da gangan don a bambance na gwamnati da na jabu, kuma ba kowa ya san haka ba. Na ji wani daɗi ya ratsa ni. Na shigar da wannan bayani a littafina, na ja masa layi biyu da jar biro.

Bayan sati sai ga ta biyu. Na ce ai ina da irinta. Ya ce wace bataliya? Lokacin samun 'yancin kai bataliya biyar sojan Nijeriya ke da su, wannan kam gaskiya ne na sani, kuma mai tara kaya na ƙwarai sai ya haɗa biyar ɗin. Na ce to yaya ake gane ta wannan bataliya da ta waccan? Ya ce da nauyi. Haka na saye su ɗaya bayan ɗaya, dubu goma sha biyu-biyu, daga kuɗin da muke tarawa na gyaran soro. Na samo kwanon sha mai murfi na jera su shida a ciki, biyar baƙaƙe, ta kakana ta shida mai duhun zuma, na tura ƙarƙashin gado.

Babban kaya ya iso ranar wata Alhamis. Sai da ya sakaya labulen rumfa sannan ya warware shi daga cikin auduga. Zaki ne, fari tas in ban da baƙin da ya kwanta a lungunansa, a tsaye da ƙafafun baya, ya ɗaga hannuwa, wutsiya a sama. Daidai da zakin da ke tsakiyar bajon kakana, sai dai wannan ya kai tafin hannu kuma ba gicciye ba ƙaya. Ya ce na babban kwamanda ne, shi ba ya bukatar ƙaya. Wani tsohon kukun Bature ne a Nasarawa ya bar wa 'ya'yansa. Na ɗaga na ji ba nauyi. Ya ce da gangan ne, don kada hular kwamanda ta rinjaya a fagen fama. Na shinshina na ji warin baƙin mai. Ya ce man bindiga ne. Ya sa dubu tamanin, na taya talatin, ya ce albarka, muka yi ta ja har la'asar, ya sallama a dubu arba'in da biyar yana cewa don kunyar ilimi ya bar mini. Na ba shi har da la'ada.

Ɗan wana yana makaranta lokacin, ta waya na ba shi labari. Ya ce in turo hoto, kuma masu saye sun fi son su ga kaya a jikin kaki, a wuri mai tarihi. Na je Ƙofar Wambai wajen 'yan gwanjo na zaɓo wata rigar kaki mai aljihu huɗu. Ranar Asabar da yamma na maƙala zakin a ƙirjin dama, bajon Landan a hagu, lambar Bama a ƙarƙashinsa, na ɗinke gizo-gizo a kafaɗa da allurar maiɗakina, na kafa jar dara. Kwakwa na bar su a gida don rigar ba ta da sauran wuri. Na dubi madubi na ƙame. Daga wuya zuwa ƙugu janar ne, daga ƙugu zuwa ƙasa wandon shadda da silifa. Na ce ai hoton iya ƙirji ne. Na riƙo hannun ɗana mai ɗaukar hoto, muka nufi Ƙofar Mata.

Abin da ban sani ba shi ne, a makon ana ta jita-jitar wani sojan gona da ke tare 'yan adaidaita sahu da magariba yana karɓe musu ciniki. Ban kai ga dogon benen ajiye motoci ba yara suka fara bina. Kafin in kai titi sun kai ashirin, suna buga gwangwani suna yi mini lef-rai. Na ɗauka girmamawa ce, har na ɗan gyara tafiya. Sai na ji an dafa kafaɗar gizo-gizo. 'Yan sintirin unguwa ne su huɗu, da gora da tocila da usur. Tela ɗaya, mai cajin waya ɗaya, mai sayar da gawayi ɗaya, na huɗun tsohon ɗalibina ne wanda na taɓa kayarwa a jarrabawa. Wato dai sojan ko-ta-kwana, irin waɗanda na kwana biyu ina karanta tarihinsu, ga su Allah ya kawo mini har gida.

"Yallaɓai, wace bataliya?" in ji babbansu.

Da na ce ni malamin makaranta ne, hoto za ni, da an wuce wurin. Amma an yi wa malamin tarihi tambaya a gaban jama'a. Na ce wannan na Landan ne, wannan na kwamandan Sikotilan, wannan na Bama, rundunar kuma ta watse tun 1960.

Ya juya ya dubi taron. "To kun ji da bakinsa. Rundunar ma babu ita."

Tsohon ɗalibina ya sunkuyo ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, aiki ne," amma na ga haƙoransa. Ɗana kuwa, da na duba, ya koma cikin yara yana ɗaukar bidiyo.

Zauren mai unguwa ya cika har soro na biyu. Mai unguwa ya san ni, ya san ubana, ya yi wa kakana sallar jana'iza, amma ya ce tunda an kawo magana sai an bi ta. Aka ciro kayan ɗaya-ɗaya aka jera a kan buzu. Na fara bayani tun daga 1859. Ina cikin zancen Haldane sai wani tsohon bakanike da ke zaune a bakin ƙofa, hannunsa duk baƙin mai, ya ce a miƙo masa zakin nan. Ya juya bayansa, ya kankare da farce, ya ɗaga kai.

"Ranka ya daɗe, wannan ai na gaban Fijo ne. 406. Ga ma inda ake maƙala shi a raga. Roba ce aka yi wa ruwan azurfa. In Malam yana so, akwai su a Ƙofar Ruwa, buhu guda."

Na yi shekaru ina shiga Fijo daga Kano zuwa Zariya. A Kaduna ake harhaɗa ta tun ina cikin tsumma. Na tura ta, na kwana a cikinta a hanyar Birnin Gwari, na sha zama a gabanta ina cin rake ina kallon zakin nan ido cikin ido. Dariyar da aka yi a zauren har mai unguwa sai da ya ja rawani ya rufe baki. Da ya samu numfashi ya yanke hukunci: ba ni da laifin sojan gona, domin ko ɗan adaidaita mai makanta ba zai ba wa mai silifa kuɗinsa ba, amma kakin ya zauna a wajensa. Na dawo gida da singileti, dara a hammata, yara na yi mini rakiya da ƙarar hon.

Labari ya riga ni isa. Na tarar da Hajiya a tsakar gida tana share hawaye da gefen mayafi. Ta ce, "Sannu da dawowa daga Bama, angona. An ci garin?" Na zauna a kan turmi na ce a yi dariya, ba komai, zaki ɗaya ne ya cuce ni. Kwakwata shida suna nan, kuma dukkansu na gwamnati ne, kowacce da shaidar ma'ajin soja a reshenta na hagu.

Ta tsaya da dariyar. "Wane ma'aji?"

Na yi mata bayani, har da jar biro.

"Reshen giginyar? Ai ni na lanƙwasa shi. Ranar sunanka, ana ta baƙi, na rasa abin da zan ɓamɓare murfin gwangwanin Bournvita, na ɗauko shi a kan taga. Malam ya yi kwana uku ba ya cin tuwona." Ta ƙara da cewa farin kuma, na saje, ba wani kogi ba wani goyo. Wanki kakana ya yi wa Baturen na wata biyu a Indiya, ya rasa sulallan biya, ya ba shi jingina.

Na yi shiru ina lissafi. Idan Hajiya ce ta lanƙwasa reshe ɗaya a 1975, to wa ya lanƙwasa sauran biyar? Sai gilashin nan mai zare ya faɗo mini a rai, da kwana huɗu, da kunun aya. Na zabura. Abu ɗaya ya rage mini: ta kakana mai duhun zuma ce, sauran baƙaƙe, ko a duhu zan ware ta. Na faɗa ɗaki na durƙusa na laluba ƙarƙashin gado. Ba kwano.

"Malam, waɗannan kake nema?"

Maiɗakina ce a bakin ƙofa da faranti. Ta ce tun da na fita take aikinsu, ta ga ina ji da su amma na bar su cikin dauɗa kamar ba mace a gidan. Ta jiƙa su a ruwan tsamiya, ta dirje da toka, ta bi da soson ƙarfe. Guda shida a jere a kan farin ƙyalle, suna walƙiya kamar 'yan kunnen amarya, ba wadda ta fi wata ko da ɗigo. Tana tsaye tana jiran a yaba. Na buɗe baki, na tuna kuɗin soro, na ce Allah ya yi albarka.

Na juya bayansu, tunda ta kakana ce kaɗai aka yi wa sabon kunne. Dukkansu sabon kunne gare su, dalma iri ɗaya, hannu ɗaya.

Da sassafe na je Kurmi. Rumfar dillali a rufe, maƙwabta suka ce ya tafi ta'aziyya ƙauye, ba su san wane ƙauye ba, ba su kuma san wa ya mutu ba. Sunansa kuwa ba a rubuce yake a cikin ƙunshi ba. Na zarce maƙera. Dattijon bai ko ɓoye ba, hasali ma fuskarsa ta washe kamar wanda aka zo ba wa lambar yabo. Ya ce ko awa ɗaya ban yi da fita ba mai haƙorin Makka ya zo. Ya danna bajon a ƙasar zubi ya fitar da gurbinsa, ya narka tsofaffin kawunan famfo da kwaɗuna, ya zuba, ya goge, aka kai bakin Jakara aka binne a taɓo don su tsufa. Ya ce shi aiki aka kawo masa ya yi, bai san ni za a sayar wa ba, da ya yi mini ragi.

Na zube shidan a gabansa na ce ya yi wa Allah ya nuna mini ta asali. Ya gyara gilashi, ya ɗauki kowacce ya kai ta hasken ƙofa, ya daɗe. Sannan ya ce, "Malam, ai ba biyar na zuba ba, goma sha biyu ne."

Na ce to wadda ya mayar mini ranar da na zo karɓa fa, ai ita ce tawa?

Ya ce, "Da na gama duk sai suka haɗe mini a kan tire. Na ga kai mutumin kirki ne, sai na zaɓar maka wadda ta fi kyau."

Yanzu dai ga inda aka tsaya. Hajiya ta kwashe dara da lamba da gizo-gizo da bajon saje ta mayar adaka, ta sa sabon kwaɗo, makullin yana ɗaure a bakin zaninta. Zakin yana manne a gaban keken ɗana. Soro yana nan yana yoyo. A makaranta ɗalibai sun daina ce mini Malam, sai Kwamanda. Kwakwa bakwai kuma suna yawo a duniya, wataƙila wata ma ta kai Landan ana nuna wa baƙi shaidar ma'ajin soja.

Don haka jama'a, duk wanda ya sayi bajon kwakwa mai lanƙwasasshen reshe a hagu, a Kurmi ko a wani wuri, ya taimaka ya kawo shi Shahuci, ya tambayi gidan Kwamanda, ko yaro zai nuna masa. Hajiya ta ce a zo da gwangwanin Bournvita sabo, tana sa shi a murfin za ta gane nata.